Cinhau: ganyen ƙasar Sin da ya gaji kinin

Duk wanda ya taɓa kai yaro gidan likita cikin watan Agusta ko Satumba, lokacin da damana ta zauna sauro ya yi yawa, ya san ƙwayoyin nan rawaya da ake ba mai masassara, safe da maraice har kwana uku. Kaɗan ne suka san cewa kaifin maganin daga wata ciyawa ta ƙasar Sin yake fitowa. Sinawa na rubuta sunanta qinghao, a kunnen Bahaushe kuwa furucin ya fi kusa da cinhau. Masana tsirrai na kiran ta Artemisia annua, sunan da Linne, mutumin Suwidin, ya raɗa mata cikin shekara ta 1753. Shekara guda take rayuwa. Takan kai tsawon mutum ko ta ɗara, ganyenta yankakke ne siriri, furenta ƙanana ne masu launin ɗorawa, tana da ƙamshi mai ƙarfi da ɗaci a harshe. A ƙasarta ba a ɗauke ta a bakin komi ba: a gefen hanya take fitowa, da kufai, da bakin rafi.

Rubutu mafi tsufa da ya ambace ta a cikin kabari aka same shi. Cikin shekara ta 1973 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha na lardin Hunan, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa. Cikin kayan da aka binne tare da mamacin akwai littattafai rubuce bisa alharini, ɗaya daga ciki ya tattara magungunan cututtuka 52. Cinhau na ciki, amma ba don masassara ba. Maganin basir aka ba da shi.

Sai bayan kimanin shekara 500 aka samu wanda ya haɗa ganyen da zazzaɓi. Ge Hong, wanda aka haifa a shekara ta 283, malami ne na tafarkin Tao, kuma yawancin rayuwarsa ta tafi wajen neman haɗin da zai hana mutuwa. Bai samu ba. Abin da ya saura na aikinsa mai amfani ga mutane wani ɗan littafi ne da ya shirya wajen shekara ta 340, Zhouhou beiji fang, wanda sunansa ke nufin magungunan gaggawa da mutum ke ajiyewa bayan gwiwar hannu, wato cikin hannun riga. Don talakawan karkara ya rubuta shi, waɗanda ba su da likita kusa kuma ba su da kuɗin sayen magani mai tsada. A babin zazzaɓi mai zuwa yana komawa, ya jera dabaru da dama, a cikinsu har da ta cinhau. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne babu wuta a cikinta. Ɗanyen ganye cikin hannu ɗaya ake jiƙawa a ruwan da bai kai rabin lita ba, a matse shi, a shanye ruwan duka.

Magabatan likitocin Sin sun ci gaba da kwafar wannan bayani ƙarni bayan ƙarni, amma hannunsu ya fi sabawa da busasshen ganye da tukunya bisa murhu. A haka dabarar matsewa ta shige duhu. Ga kuma ruɗani game da ita kanta ciyawar. Tun ƙarni na 11 Shen Kuo ya lura cewa iri biyu ne ake kira da suna ɗaya. Li Shizhen, mai babban kundin magunguna Bencao gangmu da aka buga a 1596, ya raba su gida biyu, cinhau da huanghuahao, wato mai rawayan fure. Da masana na baya suka zo daidaita sunayen Sinanci da na Latin, sai sunan cinhau ya faɗa kan wata ƴar'uwarta wadda kusan babu maganin a jikinta, ita kuwa mai maganin ta tashi da ɗaya sunan. Kuskuren suna kaɗai ya isa ya sa mai bincike ya gwada ganyen da ba shi ba, ya ce magabata ƙarya suka yi.

Shi ya sa lokacin da sarki Kangxi ya kwanta da masassara a shekara ta 1693, ba cinhau ya tashe shi ba, alhali tana fitowa a bayan ganuwar fadarsa. Limaman Kirista ƴan Faransa ne suka ba shi garin ɓawon wani icce na duwatsun Andes, a Amurka ta Kudu, ya sha ya warke. Daga ɓawon nan ne Pelletier da Caventou suka tace kinin a birnin Paris cikin 1820. Mutanen yankinmu sun san abin da kinin ya haifar. A 1854 likita Baikie ya shigo kogin Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa kinin kullum, ya koma ba tare da Bature ko ɗaya ya mutu ba. Kafin nan masassara ce babbar ganuwar da ta tsare cikin Afirka ta Yamma daga Turawa. Bayan rabin ƙarni, sojojinsu na Damagaram da Sakkwato.

Kinin ya yi mulki har bayan yaƙin duniya na biyu, sannan kulorokin ya karɓe shi. A Jamus aka fara haɗa shi cikin 1934, ya bazu bayan 1946. Shi ne Nivaquine da manya ke tunawa, mai araha, mai ɗaci, mai sa wasu ƙaiƙayi. Da shi da feshin DDT Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta dogara lokacin da ta yi shelar kawar da cutar a 1955. Ba a rufe shekara biyar ba sai ga ƙwayar cutar ta fara bijirewa a iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya.

Yaƙin Biyetnam ne ya mai da wannan matsala ta zama ta soja. A dazuzzukan da mayaƙan Arewa ke ratsawa zuwa Kudu, masassara na kwantar da bataliya guda kafin ta ga abokin gaba. Amurkawa ma ba su tsira ba. Cibiyar binciken sojansu ta Walter Reed ta gwada haɗe-haɗe fiye da 200,000, daga ciki ta fitar da meflokin. Ho Chi Minh kuwa ya nemi agaji wurin Mao Zedong da Zhou Enlai. Ranar 23 ga watan Mayu 1967 aka yi taron asiri a Bejin, aka kafa wani shiri da aka sa wa suna da ranar, wato 523. Masana fiye da 500 daga cibiyoyi wajen 60 aka zuba a ciki.

Ya kamata mai karatu ya tuna wane zamani ne wannan. Juyin Al'adu ya fara tun 1966. An rufe jami'o'i, ɗalibai na jan malamansu bisa titi suna tozarta su, an kori masana da yawa zuwa ƙauyuka su yi noma. A irin wannan hali shiga shirin soja mafaka ce. Mulkin da ke ƙone tsofaffin littattafai da sunan yaƙi da tsohon tunani, shi ne kuma ya tura mutane su tone su suna neman magani.

Cikin watan Janairu 1969 aka ɗora wa Tu Youyou jagorancin ƙungiyar Cibiyar Nazarin Maganin Gargajiya ta Bejin. An haife ta a Ningbo a ƙarshen 1930, ta karanta ilimin haɗa magunguna na zamani, ta gama a 1955, sannan ta yi shekara biyu da rabi tana koyon na gargajiya. Mijinta na can an tura shi karkara. Ta bar babbar ɗiyarta a gidan reno, ƙaramar wurin iyayenta, ta tafi tsibirin Hainan inda cutar ta yi katutu. Ita da abokan aikinta suka bi littattafai da tsofaffin masu magani, suka tara dabaru fiye da 2,000, suka tace 640 cikin kundi guda. Daga tsirrai wajen 200 suka fitar da ruwan magani iri 380, suna gwadawa bisa ɓeraye masu ɗauke da cutar.

Cinhau ta ba su wahala. Wani gwaji ta nuna alamar ƙarfi, wani gwajin ta zama kamar ruwa. Nan ne Tu Youyou ta koma ga Ge Hong, ta tsaya kan abin da masu karatu suka yi ta tsallakewa shekara 1,600: me ya sa ya ce a matse, bai ce a dafa ba? Ta yi zaton zafi ne ke ɓata maganin, ta bar tafasasshen ruwa da barasa, ta koma ga etar, wanda ke tafasa tun zafi bai wuce digiri 35 ba. Ta kuma ware sashen ruwan mai tsami, wanda guba ce kawai a cikinsa. Ranar 4 ga Oktoba 1971 samfuri mai lamba 191 ya kashe ƙwayar cutar ɗari bisa ɗari a jikin ɓeraye, daga baya ya yi haka a jikin birai.

Masu bincike na baya sun ƙara haske kan lamarin. Sinadarin ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma a cikin wasu ƙananan jakunkuna bisa fatar ganye yake taruwa, tare da man da ke ba ciyawar ƙamshinta. Matse ɗanyen ganye na fasa jakunkunan, man ya ɗauko maganin ya gauraya da ruwa. Elisabeth Hsu ta jami'ar Oxford da abokan aikinta sun sake gwada dabarar Ge Hong, suka tarar ruwan matsi ya fi na shayin busasshen ganye ƙarfi nesa ba kusa ba. Ke nan hujjar Tu Youyou ba ta cika daidai ba ta kowane gefe, amma ta kai ta inda ake so.

Gwaji bisa dabbobi ya bar shakka game da guba, ga lokacin masassara na shirin wucewa, wanda ke nufin jiran wata shekara. Cikin Yuli 1972 Tu Youyou da abokan aikinta biyu suka kwanta asibiti suka sha maganin da kansu. Da aka ga ba abin da ya same su, aka kai shi Hainan aka ba majinyata 21, zazzaɓinsu ya sauka da sauri fiye da na masu shan kulorokin. A watan Nuwamba na shekarar suka samu tsantsar sinadarin, farare kamar gishiri. Shi ne cinhausu a bakin Sinawa, atemisinin a bakin sauran duniya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙwayoyin farko da Bejin ta haɗa daga tsantsar ba su yi aikin kirki ba, don ba sa narkewa a ciki. Amma tun Maris 1972 Tu Youyou ta bayyana dabararta a wani taron shirin a Nanjing, wasu suka ɗauka. A 1973 Luo Zeyuan a Yunnan da Wei Zhenxing a Shandong suka tace nasu daga ciyawa mafi ƙarfi. A gundumar Youyang, cikin duwatsun kudu maso yamma, aka gano irin da ya fi kowane yawan magani. Li Guoqiao na Guangzhou shi ya tabbatar a 1974, a iyakar Yunnan, cewa maganin na ceto har wanda cutar ta hau masa kai ya suma. A Shanghai Li Ying ta fitar da atemeta, a Guilin Liu Xu ya fitar da atesunat mai narkewa a ruwa, wanda ake iya yi wa majinyaci allurarsa ta jijiya.

Da aka gano ƙirar sinadarin a 1975, sai aka ga bai yi kama da kinin ko kulorokin ba ko kaɗan. A tsakiyarsa akwai wata gada ta ƙwayoyin oksijin guda biyu. Ƙwayar masassara a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, tana cin abin da ke ba jini launinsa, tana barin ƙarfe. Ƙarfen nan ne ke karya gadar, tarkacen da suka fito su lalata ƙwayar cutar daga ciki. Abincinta ke kunna ajalinta. Cikin kwana biyu maganin na rage yawan ƙwayoyin cutar har ninki 10,000, abin da babu wani magani da ya taɓa yi. Aibinsa ɗaya: cikin ƴan sa'o'i ya fice daga jiki. In ba a sha shi kwana bakwai ba, ragowar ƙwayoyin su farfaɗo. Wannan ya sa Zhou Yiqing da mutanensa na cibiyar likitancin soja suka haɗa atemeta da lumefantirin, wanda ke daɗewa a jini yana share abin da ya saura. Haɗin nan ne kamfanin Novartis ya fitar da sunan Coartem.

Yaƙin da aka yi aikin dominsa ya ƙare a 1975 kafin maganin ya isa fagen daga da yawa. Rahoton farko ya fito da Sinanci a 1977, na Ingilishi a 1979, dukansu babu sunan mutum ko ɗaya, sai na ƙungiya, bisa al'adar zamanin. A 1981 wakilan OMS suka je taro a Bejin suka ji da kunnensu. Daga nan aka shiga shekaru na rashin yarda. Turawa na cewa masana'antun Sin ba su cika ƙa'ida ba, Sinawa na tsoron a ƙwace musu aiki, musamman da suka ga sojan Amurka cikin masu tambaya. Amurkawan suka shiga neman ciyawar da kansu, suka same ta tana fitowa a bakin kogin Potomac, ba nisa da babban birninsu.

Afirka ce ta biya kuɗin wannan jinkiri. Bijirewar kulorokin ta bayyana a Kenya da Tanzaniya a 1978, mace-macen yara suka ƙaru cikin shekarun 1980 da 1990, alhali magani na nan a Asiya ana amfani da shi. Dalilin da aka riƙa bayarwa shi ne tsada: kulorokin ƴan daloli ne na tamma, sabon haɗin kuwa ya ninka shi sau goma ko fiye. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja cikin Afrilu 2000 sun yi alkawarin rage cutar da rabi. A 2001 OMS ta ba da shawarar komawa ga haɗin atemisinin, lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu ya riga kowa. Duk da haka sai da wasu masana suka fito a mujallar The Lancet cikin Janairu 2004 suka zargi OMS da Asusun Duniya da ci gaba da sayen maganin da ya daina aiki, sannan kuɗi suka juya. Nijar ta canza tsarinta a 2005. A 2010 wani babban gwaji bisa yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9 ya nuna allurar atesunat ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin ɗari idan aka gwada da kinin. Nan sarautar ɓawon Andes ta ƙare, bayan fiye da shekara 300.

Ciyawar gefen hanya ta zama amfanin gona. Da buƙata ta tashi a 2004 aka rasa ganye, kilon atemisinin ya haura dala 1,000, manoma a Sin, Biyetnam, Kenya, Tanzaniya, Yuganda da Madagaska suka ruga suka shuka. Zuwa 2007 kasuwa ta cika, farashi ya faɗo wajen dala 200, da yawa suka bar noman. Manomin gyaɗa ko albasa ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. An yi ƙoƙarin kauce wa gona gaba ɗaya: Jay Keasling na jami'ar Berkeley ya sarrafa yis ya riƙa fitar da tushen sinadarin, Sanofi ya buɗe masana'anta a Italiya a 2013, amma ganyen manoma ya fi araha, aka sayar da masana'antar a 2016.

Lambar Lasker ta zo wa Tu Youyou a 2011, rabin lambar Nobel ta likitanci a 2015, tana da shekara 84. Ba ta da digirin dakta, ba ta yi karatu waje ba, ba ta cikin majalisar masanan ƙasarta. A Sin murna ta gauraya da gunaguni, don tsofaffin ma'aikatan 523 na ganin an ɗauki aikin ɗaruruwa an ba mutum guda. Suna da gaskiyarsu. Ita ma tana da tata: ita ta shigo da ganyen cikin shirin, ita ta samo hanyar tace shi, ita ta fara sha. Ƙasar da ke ƙirga masu masassara miliyan 30 a shekara cikin shekarun 1940, OMS ta shaida ta rabu da cutar a watan Yuni 2021.

Labarin ya dawo wa masu maganin gargajiya na Afirka ta wata ƙofa. Ƙungiyoyi sun yaɗa noman cinhau a lambuna don a sha ta kamar shayi, kuma a Afrilu 2020 shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya fito da wani ruwa da aka yi da ita, Covid-Organics, yana cewa maganin korona ne. Nijar na cikin ƙasashen da aka aika wa. Ba a samu hujjar da ta tabbatar da zancen ba. A kasuwannin ƙasar Hausa kuwa sunan tazargade ya tashi, wasu na cewa ai ita ce. Dangi ɗaya suke, gidan Artemisia, mai ɗaruruwan iri, amma kama da wane ba ta wane: Sinawa da kansu sun yi ƙarnuka suna ruɗa iri biyu da ke fitowa a gona ɗaya. Ko a cikin cinhau ta gaske, yawan maganin na bambanta ƙwarai bisa iri, da ƙasa, da lokacin yanka, wanda ya fi kyau dab da fitar fure. A 2019 OMS ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen a matsayin maganin masassara. Masu kare shayin na cewa talaka na nesa da gidan likita ba shi da zaɓi, kuma hujja ce mai nauyi, irin wadda ta sa Ge Hong ya rubuta littafinsa. Amsar likitoci ita ce awon da bai isa ba yana saukar da zazzaɓi ya bar ƙwayar cutar da rai, kuma a jikin da aka ba rabin magani ne cuta ke koyon bijirewa.

Tsoron ba na banza ba ne. A 2008 da 2009 aka tabbatar cewa a yammacin Kambodiya, yankin da kulorokin ya fara faɗuwa, ƙwayar cutar ta fara jinkirin mutuwa a gaban atemisinin. A 2014 masu bincike na cibiyar Pasteur suka gano alamar a wani ɓangaren gadon ƙwayar mai suna kelch13. A 2020 aka ga irin wannan canji a Ruwanda, a 2021 a arewacin Yuganda, sannan Eritiriya da Tanzaniya, kuma ba daga Asiya aka kawo shi ba, nan ya tsiro. Ƙididdigar OMS ta shekara ta 2023 ta ba da mutum miliyan 263 da suka kamu, 597,000 suka mutu, kusan kashi 6 cikin ɗari na mamatan a Nijar, kusan kashi 31 a Najeriya. Lokacin da kulorokin ya fara gazawa a gabashin nahiyar cikin 1978, kimanin shekara goma bijirewar ta ɗauka kafin ta iso Afirka ta Yamma.